Chrome Na Shirin Cire XSLT: Wa Zai Biya Kuɗin Sakacin Shekara 25?

Mai karatu, kafin mu shiga maganar yau ina so ka yi wani ɗan gwaji a wayarka. Ka buɗe ɗaya daga cikin shafukan labarai ko na nishaɗi da aka gina da WordPress, ka je ƙarshen adireshin ka ƙara /wp-sitemap.xml, sannan ka shiga. A mafi yawan shafuka za ka ga jadawali mai tsafta, adireshi layi-layi, kowanne ka taɓa ya kai ka inda kake so. To abin da ka gani ɗin nan asalinsa fayil ne na tsurar bayanai, an rubuta shi domin injin bincike irin na Google, babu launi babu ado. Burauzar wayarka ce ta karɓe shi, ta ga wani umarni a samansa, ta mayar da shi abin da idon mutum zai iya karantawa. Fasahar da ta yi wannan aiki sunanta XSLT.

Kamfanin Google ya sanar cewa zai cire wannan fasaha daga Chrome. Bisa jadawalin da ya fitar a ƙarshen 2025, ranar 17 ga Nuwamba 2026 ce za ta daina aiki ga gama-garin masu amfani da Chrome. Masu Firefox da masu Safari su ma sun nuna goyon bayansu. Ra'ayina a taƙaice shi ne: matsalar tsaron da suka kafa hujja da ita gaskiya ce, amma su ne suka zuba ido abin ya lalace, kuma mafitar da suka zaɓa ta ɗora nauyin gyara a kan mutanen da ba su da hannu a ɓarnar. Bari in yi bayani dalla-dalla.

Mene ne XML, mene ne XSLT?

XML hanya ce ta rubuta bayanai a tsare, kowane bayani da alamar da ke faɗin ko shi mene ne. A ce kana da shagon kayan waya, kana so ka ajiye jerin kayanka. A XML zai fito kamar haka:

```
<kaya>
  <abu>
    <suna>Caja</suna>
    <farashi>4000</farashi>
  </abu>
  <abu>
    <suna>Batir</suna>
    <farashi>7500</farashi>
  </abu>
</kaya>
```

Ka lura, kai ne ka raɗa wa alamomin suna da Hausa, kuma kwamfuta ba ta da matsala da hakan. Sai dai babu inda fayil ɗin ya ce a rubuta suna da manyan baƙaƙe, ko a sa farashi a gefen dama. Bayani ne zalla. Kwastoman da ya buɗe shi a waya zai ga alamomi ne kawai sun cika masa fuska.

A nan XSLT ke shigowa. Yare ne da ake rubuta umarnin yadda za a juya fayil na XML ya koma wani abu daban, galibi shafin HTML, wato yaren da ake gina shafukan intanet da shi. Ka ɗauki XML a matsayin yadi, XSLT kuma samfurin ɗinkin da ka zana, burauza ita ce tela. Umarnin shagonmu zai iya zama haka:

```
<xsl:for-each select="kaya/abu">
  <p><xsl:value-of select="suna"/>: ₦<xsl:value-of select="farashi"/></p>
</xsl:for-each>
```

Ma'anarsa: bi kowane abu da ke cikin kaya, ka rubuta sunansa, ka sa alamar naira, ka rubuta farashinsa. Sai ka ajiye cikakken umarnin a fayil, ka kira shi salo.xsl, ka ƙara layi ɗaya tak a saman fayil ɗin bayananka:

```
<?xml-stylesheet type="text/xsl" href="salo.xsl"?>
```

Shi ke nan. Ba ka buƙatar sabar mai sarrafa manhaja, ba ka buƙatar JavaScript, ba ka buƙatar sauke komai. Idan farashin caja ya tashi, layi ɗaya za ka canza. Fayil guda ne manhaja za ta karanta ta fahimta, mutum ma ya buɗe ya gani da kyau. Wannan shi ne daɗin abin.

Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar da XML a Fabrairun 1998, sannan ta fitar da XSLT 1.0 ranar 16 ga Nuwamba 1999, wanda James Clark ya shirya. Yaren bai tsaya nan ba. An fitar da XSLT 2.0 a 2007, da 3.0 a 2017, duka a ƙarƙashin Michael Kay, mai manhajar Saxon. Ka riƙe wannan a ranka, domin za mu dawo kansa: babu wata babbar burauza da ta wuce sigar 1999.

Abin da Google ya yanke

A watan Agusta 2025 wani injiniyan Chrome, Mason Freed, ya buɗe muhawara a zauren WHATWG, ƙungiyar da ke kula da ƙa'idar HTML, kan ko ya kamata a cire XSLT daga burauza. Muhawarar ta yi zafi har sai da aka kulle ta. Bayan 'yan watanni Google ya fitar da jadawali. Daga Chrome 143 na Disamba 2025 an ayyana XSLT a matsayin abin da za a yi ritaya da shi. A Nuwamba 2026 zai daina aiki ga kowa, in ban da kamfanoni da shafukan da suka nemi ƙarin lokaci. Su ma wa'adinsu zai ƙare a Agusta 2027. Wannan ba shi ne yunƙuri na farko ba, tun 2013 injiniyoyin Chrome suka taɓa kawo shawarar, aka yi ca a kansu suka janye.

Abubuwa biyu za a cire: wancan layin umarni na saman fayil idan yana nuni ga XSLT, da kuma wata ƙofa mai suna XSLTProcessor da masu JavaScript ke bi su yi amfani da fasahar. XML kansa yana nan, kuma za a ci gaba da yi masa ado da CSS.

Inda suke da gaskiya

Ba zan rage musu komai ba, hujjarsu ta tsaro tana da nauyi. Chrome da Safari ba su rubuta injin XSLT nasu ba. Sun ɗauko wata manhaja ce ta kyauta mai suna libxslt, wadda Daniel Veillard ya fara rubutawa sama da shekara 20 da suka wuce da yaren C. Shi C yare ne mai sauri, amma mai rubutu ne ke kula da ma'ajiyar wucin-gadi ta na'ura da hannunsa. Kuskure kaɗan, sai manhaja ta taɓa wurin da bai kamata ta taɓa ba. Masu kutse irin wannan suke nema, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shafin mugu zai iya tura wa burauzarka fayil ɗin XSLT da aka ƙera musamman don ya taɓo wannan kuskure, daga nan ya samu matakin farko na shiga wayarka, kai kuwa abin da ka yi kawai shi ne taɓa wani adireshi da aka turo maka a WhatsApp.

Wannan ba hasashe ba ne. A 2025 Ivan Fratric na rukunin Project Zero, masu farautar kurakuran tsaro a Google, ya gabatar da bincike a taron OffensiveCon a Balin ta Jamus, inda ya nuna kurakuran da ya gano a injinan XSLT na burauza, wasunsu sun kai shekara 20 suna kwance ba a gani ba. Kuma haɗarin yana kan kowa, har da wanda bai taɓa buɗe fayil na XML ba a rayuwarsa, tunda injin yana cikin burauzar da ke aljihunsa.

Hujjarsu ta biyu ita ce ƙarancin masu amfani. Alƙaluman Chrome sun nuna kusan kashi 0.02 cikin 100 na shafukan da ake buɗewa ne ke taɓa XSLT, wato kusan ɗaya cikin 5,000. Masu amfani da wancan layin umarni na saman fayil sun ma fi haka ƙaranci sosai. Duniyar gina shafuka ta koma JSON da JavaScript tun tuni. Duk wannan gaskiya ne.

Wa ya bar bangon ya tsage?

Tambayar da ba a cika son amsawa ba ke nan. Manhajar libxslt da 'yar'uwarta libxml2 suna cikin wayoyi da kwamfutoci biliyoyi. Amma na kusan shekara goma, mutum ɗaya ne ke ɗauke da mafi yawan aikin kula da su, Nick Wellnhofer, kuma aikin sa-kai yake yi. A 2025 ya fito ya bayyana cewa ya gaji. Ƙorafinsa shi ne manyan kamfanoni irin su Apple da Google da Microsoft suna amfani da aikin a hajojinsu, masu bincike suna turo masa rahoton kurakurai tare da wa'adin gyara, shi kuma yana kashe lokacinsa kyauta. Ya ce daga yanzu zai ɗauki rahoton tsaro kamar kowane rahoto, ya gyara idan ya samu sarari. Ya ajiye kula da libxslt, daga baya a cikin shekarar ya sanar da ajiye libxml2 ma.

Ka tsaya ka auna. Kamfanonin da darajarsu ta haura dala tiriliyan sun jingina wani ɓangare na tsaron burauzarsu a kan ɗan sa-kai guda. Da ya ce kafaɗarsa ta gaji, ba a ce bari mu ɗauki mutum biyu aiki su kula da abin ba. Sai aka ce tunda babu mai kula da shi, a cire. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. An ci ladan shekara da shekaru, da lokacin aski ya zo sai aka ce ai tun farko ba a buƙatar kan.

Maganar ƙarancin masu amfani ma tana da irin wannan gurbi. Burauza ta tsaya a sigar 1999 alhali yaren ya yi gaba sau biyu. XSLT 3.0 yana iya sarrafa JSON, wanda shi ne abin da maginan manhaja ke yayi a yau, amma ba su taɓa samun sa a burauza ba. A daidai wannan lokacin kamfanonin nan suna zuba kuɗi da injiniyoyi wajen inganta JavaScript duk shekara. Idan ka bar hanya shekara 25 babu kwalta babu gyara, ka shimfiɗa sabuwa a gefenta, sannan ka ƙirga motoci ka ce mutane ba sa son tsohuwar, ƙidayarka daidai ce amma kai ka haifar da sakamakon.

Sannan ɗaya cikin 5,000 ƙarami ne a baki kawai. Masu amfani da Chrome biliyoyi ne, kowannensu yana buɗe shafuka da yawa a rana. Ko kaso mafi ƙanƙanta na wannan adadi mutane ne masu ɗimbin yawa. Alƙaluman kuma daga na'urorin da suka bar ƙofar aika bayanan amfani a buɗe ake tattaro su, kuma ma'aikatu da kamfanoni da dama suna rufe ta a kwamfutocinsu.

Su wa abin zai taɓa?

Gara in faɗi gaskiya don kada in tayar wa kowa da hankali a banza. WhatsApp ɗinka, TikTok ɗinka, manhajar bankinka, babu wanda zai girgiza. Wuraren da abin zai taɓa su ne lungunan intanet da ba su da kamfanin talla a bayansu.

Na farko, fayilolin RSS. Shi RSS fayil ne na XML da shafi ke jera sababbin rubuce-rubucensa a ciki, domin ka bi shi kai tsaye ba tare da wani dandali ya zaɓa maka abin da za ka gani ba. Kusan duk shirin fodkas a duniya a kansa yake tafiya. Manhajar sauraron fodkas za ta ci gaba da aiki, domin ita XML ɗin take karantawa kai tsaye. Matsalar tana wajen mutumin da aka turo wa adireshin ya taɓa a burauza. Da XSLT, zai ga shafi mai sunan shirin da jerin fitowa da bayanin yadda zai yi rajista. Babu XSLT, zai ga tarin alamomi ya ɗauka shafin ya lalace ya fita.

Na biyu, takardun hukumomi. Majalisar Dokokin Amurka tana wallafa ƙudurorinta a XML, tare da XSLT da ke mayar da su takardar da ɗan ƙasa zai karanta. A ɓangaren lafiya akwai tsarin takardun asibiti mai suna CDA na ƙungiyar HL7, wanda shi ma aka saba nuna shi da XSLT. Irin waɗannan manyan hukumomi suna da ma'aikata, za su gyara nasu.

Na uku, waɗanda ba su da mai gyara. Malamin jami'a da ya tsara ƙamus ko tarin rubuce-rubuce a XML ya yi ritaya. Ƙaramin gidan tarihi da kuɗin aikinsa ya ƙare. Na'urar da aka sayar shekaru da suka wuce wadda shafin saitinta ya dogara da XSLT, kamfanin kuma ya daina sabunta ta. Waɗannan ba za su ga sanarwar Google ba, balle su yi wani abu. Rana ɗaya kawai shafin zai daina nunawa.

Mafitar da aka ba mu ta manta da mai waya

Google ya kawo hanyoyi. Mai shafi zai iya juya XML ɗinsa a kan sabar kafin ya turo, ko ya koma JavaScript, ko ya ƙara wani layi da zai sauke injin XSLT na wucin-gadi tare da shafin. Idan mai shafin bai yi komai ba, mai ziyara zai iya sanya ƙarin manhaja a Chrome ɗinsa, irin ƙananan manhajojin nan da ake liƙa wa burauza.

To ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Chrome na wayar Android ba ya karɓar irin wannan ƙarin manhaja, na kwamfuta ne ke karɓa. A Kano ko Maraɗi ko Zongon Kumasi, intanet ɗin yawancinmu a cikin waya yake, Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung. Ma'ana, hanyar ceton da aka tanadar wa mai ziyara ta tsallake mu. Ɗaya hanyar kuma, wadda shafi zai riƙa turo injin tare da shi, nufinta abin da a da yake zaune a cikin wayarka kyauta yanzu sai ka sauke shi da datarka. Wanda ke kan wayifai mara iyaka ba zai ji ba. Wanda ke ƙirga megabait kafin ƙarshen mako zai ji.

Kada kuma ka ce za ka koma wata burauza. Opera ta Android, Samsung Internet, Edge da Brave duk a kan Chromium aka gina su, wato tushen Chrome. Abin da aka cire daga tushe, da wuya reshe ya riƙe shi. Manyan injinan burauza uku ne suka rage a duniya: Blink na Google, WebKit na Apple, da Gecko na Mozilla. Kwamitin da ke jan ragamar WHATWG kuma kamfanoni huɗu ne, Apple da Google da Microsoft da Mozilla. Idan suka haɗa baki a kan abu, babu kotun ɗaukaka ƙara.

Akwai hanya ta uku

Zaɓin bai taƙaita ga barin tsohon inji mai haɗari ko cire fasahar gaba ɗaya ba. An taɓa warware irin wannan matsala. Shekarun baya, buɗe fayil na PDF a burauza yana cikin manyan ƙofofin kutse. Mozilla ba ta ce a daina buɗe PDF ba. Ta rubuta PDF.js, mai karanta PDF da aka gina da JavaScript, ta sanya shi cikin Firefox a 2013. Tunda a cikin killataccen wurin da shafukan intanet ke aiki yake gudana, kuskurensa ba ya kai wa ga cikin na'ura cikin sauƙi. Mai amfani bai rasa komai ba, tsaro kuma ya ƙaru.

Haka za a iya yi wa XSLT, kuma shaidar tana hannun Google kansa. Wancan injin wucin-gadi da suka ce masu shafuka su ƙara, libxslt ne aka mayar da shi WebAssembly, wata fasaha da ke tafiyar da manhaja a killace cikin burauza. Wato sun riga sun ƙera sigar da ta fi aminci. Abin da ya rage shi ne a sanya ta cikin Chrome sau ɗaya, maimakon a ce dubban masu shafuka kowa ya je ya sanya da kansa, miliyoyin masu ziyara kuma kowa ya sauke da datarsa.

Za a ce ai ko an yi haka sai an ci gaba da kula da shi, kuma lokacin injiniya kuɗi ne. Na yarda. Amma kuɗin ba ya ɓacewa don an cire fasahar, wurin biya ne ke canzawa. Ya tashi daga kan kamfanin da ke samun biliyoyin daloli daga yanar gizo ya koma kan malamin makaranta da mai ƙaramin fodkas. W3C tana da wata tsohuwar ƙa'ida ta tsara HTML da ke cewa idan buƙatu suka ci karo, a fifita mai amfani a kan mai shafi, a fifita mai shafi a kan mai ƙera burauza. A wannan hukunci an kifar da jerin.

Ba ina cewa kada a taɓa cire komai ba. An yi ritaya da Flash a ƙarshen 2020 kuma yanar gizo ta fi lafiya. Amma Flash mallakar kamfani ɗaya ne, Adobe, kuma an ba da sanarwa tun 2017, sama da shekara uku. XSLT buɗaɗɗiyar ƙa'ida ce da aka ce wa duniya ta gina a kanta, kuma wa'adin da aka ba gama-garin mutane kusan shekara ɗaya ne.

Abin da ya fi XSLT girma

Shafin farko da Tim Berners-Lee ya ɗora a cibiyar CERN a farkon shekarun 1990 har yau yana buɗewa a wayarka. Manhajar waya ta shekara goma da suka wuce kuwa, sau da yawa ba za ta ko sauka a sabuwar Android ba. Wannan bambanci shi ne darajar yanar gizo: abin da ka rubuta bisa ƙa'ida zai daɗe ko bayan ranka.

Mu masu Hausa muna da dalilin damuwa da wannan alkawari fiye da masu Turanci. Rubutunmu a intanet kaɗan ne, kuma mafi yawansa yana Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, inda rufe asusu ɗaya ke tafiya da aikin shekaru. Matashin da ke son abin da ya rubuta ya tsira, shawarar da ake ba shi ita ce ya buɗe shafin kansa, ya bi buɗaɗɗun ƙa'idoji, ya sa RSS don mutane su bi shi ba tare da ɗan tsakiya ba. Ita kuwa wannan hanya ana ta ƙuntata ta. Google ya rufe Google Reader a Yulin 2013. Firefox ta cire mai nuna RSS nata a Disamba 2018. XSLT shi ne abin da ya rage wa mai shafi ya sa RSS ɗinsa ya yi kyan gani a burauza da fayil ɗaya. Kowane mataki yana da hujjarsa idan aka ɗauke shi shi kaɗai, amma duk sun fuskanci gefe guda, kuma a wancan gefen manyan dandali ne ke jira.

Me za ka yi yanzu?

Idan kai mai amfani da waya ne kawai, ka ci gaba da sabunta burauzarka. Kada ka ƙi sabuntawa don ka riƙe XSLT, haɗarin tsohuwar burauza ya fi wannan asara nesa ba kusa ba. Idan wata rana ka taɓa adireshin RSS ka ga alamomi, shafin bai lalace ba. Ka kwafi adireshin ka liƙa a manhajar karanta RSS irin Feedly ko Inoreader, ko manhajar fodkas irin AntennaPod.

Idan kana da shafin WordPress, kwantar da hankalinka game da injin bincike. Shi tsurar XML yake karantawa, adon bai dame shi ba, don haka matsayinka a sakamakon bincike ba ya kan XSLT. Ka dai riƙa sabunta WordPress da ƙananan manhajojin da ka liƙa masa.

Idan kana da fodkas, ko kai ke kula da shafin makaranta ko ƙungiya, ka buɗe fayilolin XML ɗinku ka duba layukan farko. Idan ka ga xml-stylesheet tare da text/xsl, abin ya shafe ka. Hanya mafi sauƙi ga masu ziyararka ita ce ka yi juyin a kan sabar ka turo musu HTML gamamme. Yaren PHP yana da kayan yin haka, akwai kuma xsltproc da Saxon. Idan adon da kake so kaɗan ne, CSS zai wadatar. Injin wucin-gadi ka bar shi ya zama zaɓin ƙarshe, saboda datar mutane.

Idan kuma kana koyon gina manhaja, kada ka ɗauka XML ya mutu. Fayil ɗin Word mai ƙarewa da .docx tarin XML ne a dunƙule. Saƙonnin kuɗi tsakanin bankuna na tsarin ISO 20022, wanda bankunan duniya ciki har da na Nijeriya ke komawa kansa, da XML aka fi rubuta su. Burauza ce ke sallamar XSLT, bankuna da kamfanonin ɗab'i suna nan suna amfani da shi a sabar, kuma masu iya shi ba su da yawa. Ka fara da JavaScript, amma ka ware mako ɗaya ka gwada misalin shagon nan na sama tun burauzarka tana iya nuna shi.

Abin da nake so daga Google da Apple da Mozilla bai fi ƙarfinsu ba: su sanya killataccen injin cikin burauza, su kuma biya mutanen da ke kula da manhajojin kyauta da suka dogara a kai. Idan ba su yi ba, wani ɗan sa-kai zai sake gajiya nan gaba, a sake cewa babu mai kula da abin, a sake cirewa. Wannan karon fasaha ce da yawancinmu ba mu san sunanta ba sai yau. Babu tabbacin ta gaba za ta zama haka.